Dalilin da ya sa likita ke mayar da fankiriyas bayan an samu

Wata Hajiya maƙwabciyarmu a unguwar Nima ta Accra ta tare ni ranta a ɓace. Ɗanta da ke Amurka, mai ciwon sukari tun yana yaro, an kira shi tsakar dare cewa an samu gaɓar fankiriyas da za a dasa masa, da gari ya waye kuma aka ce an fasa. "Ɗana, ko don baƙar fata ne?" in ji ta.

Fankiriyas ita ce gaɓar da ke bayan tumbi, mai samar da insulin. Tun 1966 aka fara dasa ta a Jami'ar Minnesota, galibi tare da ƙoda. Gaɓa ce mai laushi, ba ta jure wahala, kuma idan jini ya daskare a jijiyoyinta a kwanakin farko, yawanci sai an sake buɗe mutum an cire ta. Shi ya sa ake bincikar mamacin da ya bayar da ita sosai.

Ƙa'idar rabon gaɓoɓi ta Amurka, wadda hukumar OPTN ke kula da ita, ta raba masu bayarwa gida biyu. Wanda bai wuce shekara 50 ba, kuma ma'aunin nauyi da tsayinsa, wato BMI, bai haura 30 ba, ana fara neman wanda za a dasa wa gaɓar ɗungurungum. Wanda ya wuce hakan, ana saurin karkata ga ciro ƙwayoyin da ke samar da insulin kawai daga cikinta.

Bayan wannan akwai lissafin da masana suka fitar a 2010, mai suna PDRI. Shi ba doka ba ne, ma'auni ne da likita ke dubawa. Yana haɗa shekarun mamaci, jinsinsa, tsayinsa, nauyinsa, lafiyar ƙodarsa, ko shanyewar ƙwaƙwalwa ce ajalinsa, ko sai da zuciya ta tsaya aka ciro gaɓar, da kuma awannin da ta yi cikin ƙanƙara. An ɗauki namiji ɗan shekara 28, mai BMI 24, wanda gaɓarsa ta yi awa 12 a ajiye, a matsayin maki 1. Duk yadda maki ya hau, haɗarin gaɓar ta daina aiki cikin shekarar farko yana ƙaruwa. Ko maki ya yi kyau, likitan fiɗa zai duba ta da idonsa, in ya ga kitse ko rauni ya mayar.

Tambayar Hajiya ba ta banza ba ce. PDRI ya sa launin fata a lissafinsa, amma na mamacin, ba na mai karɓa ba: gaɓar baƙar fata tana samun makin haɗari mafi yawa. Ni dai wannan bai kwanta mini ba, domin yana iya sa a zubar da gaɓa lafiyayya alhali mutane na jira. A 2024 OPTN ta cire launin fata daga irin wannan lissafi na ƙoda.

A nan gida Ghana, dashen ƙodar da aka fara a asibitin Korle Bu a 2008 daga masu rai ake karɓa, yawanci 'yan uwa. Fankiriyas kuwa kusan kullum daga mamaci take fitowa.

Na ce wa Hajiya ɗanta ya tambayi likitansa shekarun mai bayarwar, da awa nawa gaɓar ta yi a hanya. Sunansa na nan a jerin masu jira, fasawar ba ta rage masa kwanakin da ya tara ba.