Ƙa'idojin yin sana'a a gidan zama a Legas

Ƙa'idojin yin sana'a a gidan zama a Legas reshe ne na dokokin tsara birni, waɗanda ke fayyace abin da aka ware kowane fili dominsa: zama, kasuwanci ko masana'anta. Tushensu Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Shi ya sa takardar mallakar fili, wato C of O, take ɗauke da dalilin da aka ba da filin. A shekarar 2010 jihar ta yi dokar tsara birane da ta kafa hukumar LASPPPA mai ba da izinin gini, da LASBCA mai sa ido a kan gine-gine.

Abin da hukuma ta fi dubawa shi ne ko an sauya wa ginin aiki. Telan da ya ajiye kekensa a ɗaki a Agege, ko matar da ke dafa fura a tsakar gida a Idi-Araba tana ba yara talla, gidansu yana nan a matsayin gidan zama. Amma ranar da aka fasa katanga aka fitar da ƙofar shago bakin titi, ko aka mai da falo makaranta ko ɗakin ajiyar buhunan albasa, sai an nemi izinin sauya amfani. In ba a nema ba, jami'ai kan liƙa takardar gargaɗi, su shafa jan fenti a bango, daga nan a garƙame wurin, wani lokaci har a rushe. Rumfar da aka kafa a kan kwata ita ce ta fi saurin gamuwa da rusau, kuma da hujja, domin toshewar magudana na cikin abubuwan da ke jawo wa Legas ambaliya duk damina.

Sauya amfani yana taɓa aljihu: harajin filaye da gidaje na jihar ya fi tsada a kan ginin kasuwanci fiye da gidan da mai shi ke zaune ciki. Allon talla na buƙatar izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta jihar, ƙarar janareta ko injin markaɗe kan kai maƙwabta gaban LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, ƙaramar hukuma kuma na karɓar kuɗin shago. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu, kuma nan ne masu ƙananan sana'o'i da yawa ke ruɗewa.

Ɗan haya yana da ƙarin sharaɗi: sai da yardar mai gida, a rubuce cikin yarjejeniyar haya.