Waiwaye: Fadamar Haɗeja da Nguru, daga dam ɗin Tiga zuwa zaman shawara da masu gonaki

Kafin a kammala dam ɗin Tiga a 1974, kogin Haɗeja yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malala cikin fadama tun daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa, da rani ya janye. Kowa ya san rabonsa: manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, masunci ya bi kifi cikin ambaliya, in ƙasa ta tsane a yi noman rani, makiyayi kuma ya shigo da shanu bayan girbi.

Tiga da dam ɗin Challawa na 1992, masu tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja, sun rage ambaliyar shekara-shekara, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana kogin ƙafewa. A ganina, na biyun nan ya fi ɓarna. Ciyawar kachala ta samu ruwa mara zurfi shekara sur, ta haɗu da laka ta toshe tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Gonakin wasu suka nutse, na ƙasa da su suka rasa ruwa. Tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka a cikin ciyawar, suna cinye hatsi.

Aikin kare dausayin da aka fara a 1987 ya taso ne daga damuwa kan tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi. Amma tun da wuri masu aikin suka gane fadamar nan tana da masu ita. Kowane yanki gonar wani ce ta gado, ko wurin kamun kifin wani gari, ko mashayar dabbobi. In ƙauye ɗaya ya haƙa hanyar ruwa zuwa gonakinsa, ƙauyen gaba ne zai ji a jikinsa.

Shi ya sa a farkon shekarun 2000, da tallafin gwamnatin Birtaniya, aka koma zama da masu gonaki, masunta, makiyaya da dagatai, a tantance hanyar da za a fara yashewa, jama'a su fito gayya su sare kachala. Inda aka buɗe hanya ruwa ya wuce, sai dai ciyawar tana dawowa muddin ba a sake tsarin sakin ruwa daga dam ɗin Tiga da na Challawa ba.

A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka amince a Damaturu da tsarin kula da kogin tare da kafa asusu. Abin da har yau ya fi damuna shi ne, manomin Guri ko na Gashuwa yana da bakin magana a kan yashe magudanar garinsu, amma muryarsa ba ta cika kaiwa inda ake yanke ranar buɗe ƙofofin Tiga ba.