"Haɗin gwiwa" a harkar lafiya: gwiwar wa ke ɗauke da kayan?

Kwanakin nan ba ka isa ka kunna rediyo a Abuja ka kai ƙarshen labaran rana ba tare da ka ji an ce "haɗin gwiwa" ba. Kamfani ya kai wa asibiti kyautar gadaje goma, haɗin gwiwa. An ba ɗan kwangila aikin fentin ɗakin haihuwa, haɗin gwiwa. Manya sun taru a otal a Maitama sun sa hannu a takarda, sun yi musayar fayil suna murmushi ga masu ɗaukar hoto, shi ma haɗin gwiwa, har a ƙara masa jela a ce "domin ƙirƙire-ƙirƙire a fannin lafiya".

Na farkon nan sunansa gudummawa, Allah ya saka da alheri. Na biyu ciniki ne. Na uku kuwa alkawari ne kawai, irin na "sai ka ji ni".

A bakin Bahaushe, gwiwa ita ce ma'ajiyar ƙarfi. Shi ya sa ake ƙarfafa wa mutum gwiwa, ake kashe masa gwiwa, gwiwarsa ta yi sanyi in ya karaya. Wanda ya taɓa taya ɗaga buhun masara ya san inda nauyin ke sauka. To in an ce an haɗa gwiwa, ana nufin kaya ɗaya ne a kan mutane da yawa, in ɗaya ya zame sauran su ji a jikinsu. Duk tsarin da wani zai janye gobe ba tare da ya yi asarar ko sisi ba, a nema masa wani suna.

Abin da masana ke nufi da kalmar a harkar lafiya takamaimai ne. Jami'a ko cibiyar bincike na da ilimi da ɗakin gwaji, amma ba ta iya sarrafa ƙwaya miliyan ɗaya iri ɗaya. Masana'anta na da inji da jari da hanyar kasuwa, sai dai ba ta san abin da ke damun majinyaci da tsakar dare ba. Asibiti shi ya san wannan, kuma a can ne kaɗai za a gwada a gani ko abu na aiki. A shekarun 1990 wasu masana biyu, Henry Etzkowitz da Loet Leydesdorff, suka kwatanta alaƙar jami'a da masana'antu da gwamnati da igiya mai tufka uku. A lafiya dole a ƙara tufkar asibiti, kuma ita ce aka fi mantawa da ita ranar taro.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba, ga shi nan a Idu, inda Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, take. A shekarun 1990, lokacin da Farfesa Charles Wambebe ke shugabantarta, cibiyar ta karɓi wani haɗin maganin sikila daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a ɗakin girkinmu: masoro, kanumfari, ganyen dawa, sai wani itace da Yarabawa ke kira osun. Masu bincike suka daidaita awonsa, suka gwada shi a kan masu cutar. Gwajin da aka wallafa a 2001, na mutum 82, ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. An yi wa maganin rajistar mallaka a Amurka a 1998 da sunan Niprisan, kuma sunan Rabaran ɗin na cikin waɗanda aka rubuta a matsayin masu samar da shi. Wannan kaɗai abin a jinjina ne, don an saba a kwashi ilimin mai magani a bar shi da "mun gode Baba".

Ka tuna a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara ake wannan magana. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro yana murƙususu, ana matsa masa ƙafa ana tofa masa addu'a, ya san darajar a ce tashin ciwon ya ragu ko da sau ɗaya ne.

Sai aka zo tufkar masana'anta. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin sarrafa maganin shi kaɗai. A 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a Sheda, kan hanyar Lokoja. Shekara biyu tsakani, a 2008, uwar kamfanin ta durƙushe saboda bashi, a 2009 aka janye lasisin, magani ya yi ɓatan dabo a kantuna. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin magunguna na May & Baker. Yaron da aka haifa shekarar da aka janye lasisin ya kai aji uku ko huɗu na firamare kafin a sake sa hannu. Ilimin bai gudu ba, masu ciwon ma suna nan, gwiwa ɗaya ce ta sare duk kayan ya zube. Ni a ganina wannan labari, da daɗinsa da ɗacinsa, ya fi taron otal ɗari koya mana ma'anar kalmar.

Ita ma "ƙirƙira" ɗin da ake liƙa mata, wato fassarar "innovation" ta Turanci, ina da ja a kai. Mu a wurinmu ƙirƙirarren labari ƙarya ce, sai ga shi wani lokacin fassarar kan yi daidai ba da niyya ba. Abin da ake son faɗa shi ne sabuwar dabara da ta fita daga ɗakin gwaji ta isa hannun majinyaci a farashin da zai iya biya. Wadda ta tsaya a kundin digiri a kan kanta tana shan ƙura, bincike ce tukuna.

Watannin baya na raka ƙanwar mahaifiyata wani asibiti a gefen gari. A kusurwar ɗakin gwajin jini akwai wata na'ura sabuwa ful, an lulluɓe ta da zani, a jikin bango an manna allon ƙaddamarwa mai tambarin hukumomi uku. Na tambayi ma'aikaciyar da ke ɗibar jinin, "Sista, wannan fa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sinadarinta daga waje ake kawowa, Malam. Na farkon ya ƙare, ba wanda aka ce shi zai sayi na biyu. Da sun tambaye mu, firjin da zai riƙe sanyi in an ɗauke wuta muka fi buƙata." Ta ɗaure wa Gwaggo hannu da roba, ta ce, "Hajiya, dunƙule hannun, yau jijiyar taki ta ɓuya."