Wa Ya Fi Murya a Zamanin Grunge? Tambayoyi da Amsoshi Kan Musun da Ya Ƙi Ƙarewa

Sama da shekara talatin ke nan masoya kiɗan rok suna wannan musu, kuma har yau idan ka haɗa mutum uku a cikinsu sai ka ji amsa uku. Mawaƙa huɗu ake ja a kansu, dukansu sun yi suna daga birni ɗaya, kusan a lokaci ɗaya. Uku daga ciki sun rasu. Ga abin da mai son shiga zancen ya kamata ya fara sani, da kuma inda ni na tsaya.

Tukuna ma, mene ne grunge ɗin?

Wani salo ne na kiɗan rok da ya taso a birnin Siyatil na jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka, daga tsakiyar shekarun 1980. Ba Washinton babban birnin ƙasar ba, wannan daban. Gari ne mai yawan ruwan sama da hadari, kuma kiɗan nasu ya ɗauko yanayin garin: jita mai kauri da ƙara, ganga mai nauyi, baituka cike da ƙunci, kaɗaici da jarabar ƙwaya. Kalmar kanta a Turanci tana nufin dauɗa. Wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Sub Pop ne ya fara fito da yawancin ƙungiyoyin. Duniya ba ta waiwaye su sosai ba sai a 1991, shekarar da Nirvana ta saki kundin Nevermind. A watan Janairun 1992 kundin nan ya ture na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard, mai jera faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. Samari uku sanye da tsofaffin riguna da yagaggen wandon jins suka kawar da Jackson, sarkin kiɗan fof, daga nan kamfanoni suka yi ca a kan Siyatil.

Su wane ne huɗun da ake musu a kansu?

Kurt Cobain na Nirvana, Chris Cornell na Soundgarden, Eddie Vedder na Pearl Jam, da Layne Staley na Alice in Chains.

Ai Cobain ya fi kowa suna. Ba shi ne amsar ba?

Suna daban, murya daban. Cobain ya fi sauran ukun iya ƙera waƙa mai kama zuciya da kalmomi kaɗan, wannan ba na ja da shi. Amma bai da faɗin muryar Cornell, bai da ƙarfin riƙe sauti irin na Staley. Abin da yake da shi wata irin dusashewa ce mai kaifi, kamar maƙogwaron na shirin tsagewa amma bai kauce wa karin waƙar ba. Yin ihu a kan kari abu ne mai wuya ƙwarai, kuma shi ya mayar da shi kamar numfashi.

Masu goyon bayansa wuri ɗaya suke nuna maka. A watan Nuwamban 1993 Nirvana ta yi wasa a shirin MTV Unplugged a Niyok, inda ake rage ƙarar kayan lantarki a bar murya a fili. An kewaye dandalin da furanni da kyandirori. Waƙar ƙarshe tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka ce wadda wani tsohon mawaƙi, Lead Belly, ya shahara da ita. Cobain ya rera yawancinta a hankali, idonsa a rufe, sai a baitin ƙarshe ya ɗaga murya har ta fashe. Gab da kalmomin ƙarshe ya tsaya cik, ya buɗe ido, ya ja dogon numfashi, sannan ya ƙarasa. Wannan ɗan shirun na daƙiƙa ɗaya ya fi min waƙoƙin wasu baki ɗaya. Bayan wata biyar, ranar 5 ga Afrilun 1994, ya kashe kansa yana da shekara 27.

To me ya sa idan aka zo maganar gwaninta sai a ce Cornell?

Domin abin da yake yi da maƙogwaro sauran ba su iya shi ba. Muryarsa tana ratsa kusan oktaf huɗu, wato daga can ƙasa inda take da kauri kamar ta dattijo har can ƙololuwa inda yawancin maza sai sun siranta ta kafin su kai. Shi kuwa yana kaiwa can da cikakken ƙarfi. Abin mamaki, da aka kafa Soundgarden a 1984 shi ne mai ganga, yana kiɗa yana waƙa a lokaci guda, sai daga baya aka samo makaɗi ya fito gaba.

Saurari kundin Badmotorfinger na 1991 za ka ji shi yana hawa sama kamar ba iyaka. Saurari Superunknown na 1994, musamman "Black Hole Sun", za ka ji ya koyi abin da ya fi hawan wuya, wato sanin lokacin da za a sassauta. Ga kuma hujjar da na fi dogara da ita: muryarsa ta rayu a wajen grunge. Ya jagoranci ƙungiyar Audioslave, ya rera waƙar buɗe fim ɗin James Bond na 2006, ya ɗauki "Billie Jean" ta Michael Jackson ya mayar da ita waƙar makoki da jita ɗaya tal. A shekarunsa na ƙarshe yana zagaya gari-gari shi kaɗai, daga shi sai kujera sai jita, ba ganga ba abin da zai ɓoye kuskure, kuma mutane na cika zaure. Ya rasu a Detroit ranar 18 ga Mayun 2017, sa'o'i kaɗan bayan ya sauka daga dandali, yana da shekara 52.

Masu suka suna cewa a farkon tashinsa ya cika son nuna iyawa, yana hawa sama ko waƙar ba ta buƙata. Akwai gaskiya a nan. Amma ya girma ya bar wannan hali.

An taɓa haɗa biyu daga cikinsu a waƙa ɗaya, mutum ya auna da kunnensa?

An yi, kuma labarin na da taɓa zuciya. A watan Maris na 1990 Andrew Wood, mawaƙin ƙungiyar Mother Love Bone, ya rasu sanadin muguwar ƙwayar hiroyin. Shi da Cornell sun taɓa zama gida ɗaya. Cornell ya rubuta waƙoƙin ta'aziyya, ya haɗu da abokan kiɗan mamacin suka yi kundi guda mai suna Temple of the Dog. A daidai lokacin ne wani baƙo ya iso daga San Diego don gwajin shiga sabuwar ƙungiyar da abokan Wood ke haɗawa, wadda ta zama Pearl Jam, saurayi mai kunya da ya yi aikin dare a gidan mai. Shi ne Eddie Vedder. Ana cikin atisayen "Hunger Strike" Cornell yana fama da haɗa sashen ƙasa da na sama shi kaɗai, sai baƙon ya matso kusa da makirfo ya karɓi na ƙasan. Haka aka naɗe ta. Vedder yana riƙe da ƙasa da murya mai ɗumi, Cornell yana shawagi a samansa. Ba wanda ya danne wani.

Shi Vedder fa, ina matsayinsa?

Muryarsa mai kauri ce, mai rawa kaɗan a ƙarshen kalma, kuma ita aka fi kwaikwaya. Bayan kundin Ten na Pearl Jam a 1991 gidajen rediyon Amurka suka cika da mawaƙa masu tauna kalmomi irin nasa, har mutane suka gundura da salon, laifin masu kwaikwayo ya shafi mai asalin abin. Wannan rashin adalci ne. Shi kaɗai ya rage da rai a cikin huɗun, kuma har yanzu yana iya tsayawa awa biyu zuwa uku a dandali. Sai dai a ganina ƙarfinsa na wajen haɗa kan taro ne, ya sa dubban mutane su yi masa amshi kamar sun san shi. A zallar murya ba na sa shi gaba.

Masoyan Staley sun fi kowa zafi. Me suke ji a muryarsa?

Suna jin mutumin da ke faɗin gaskiyar halin da yake ciki. Staley yana matse sauti ta hanci da maƙogwaro ya fito da wani amo mai sanyaya jiki, ya riƙe shi tsawon lokaci ba ya girgiza. Ji yadda yake jan muryar a "Man in the Box" ta 1990. Sannan ga haɗin muryarsa da ta Jerry Cantrell, mai jitar ƙungiyar: su biyu suna rera layi ɗaya a matakai mabambanta, sai abin ya fito da duhu maimakon daɗin da aka saba ji idan muryoyi suka haɗu. Kundin Dirt na 1992 kusan rabinsa bayanin jarabar hiroyin ne daga bakin wanda ke cikinta tsundum, ba ado ba ɓoye-ɓoye.

A watan Afrilun 1996 su ma 'yan Alice in Chains suka yi nasu Unplugged, bayan fiye da shekara biyu ba su yi cikakken wasa ba. Staley ne ya shigo ƙarshe, ya rame, gashinsa rine da ruwan hoda, baƙin tabarau a ido. Ya zauna ya haɗe hannuwa, kusan bai motsa ba. A wata waƙa ma baiti ya kuɓuce masa aka sake daga farko. Amma da ya buɗe baki muryar na nan daram. Ban taɓa kallon wannan bidiyo na ƙarasa shi da busasshen ido ba. Ya yi ƙarshen rayuwarsa a keɓe cikin gidansa a Siyatil. An tsinci gawarsa a Afrilun 2002 bayan kusan mako biyu, likitoci suka ƙiyasta cewa ranar 5 ga wata ya cika, ranar da Cobain ya rasu shekara takwas kafin nan.

Anya ba tausayin mutuwarsu ba ne ke sa a yi ta kuranta su?

Yana daga ciki, kuma wannan ya dame ni. Ba na son yadda wasu ke magana kamar ƙwaya ce ta ba Staley murya, ko kuma ƙunci ne ya sa Cobain ya iya waƙa. Ƙwaya ba ta ba su komai ba, ƙwace musu ta yi. Staley yana da shekara 34 ya tafi, kuma shekarunsa shida na ƙarshe kusan bai yi aiki ba. Wanda ya mutu da wuri ba a ga tsufan muryarsa ba, shi ya sa take zama sabuwa kullum a kunnen masoya, Vedder kuwa ana auna shi da kowace shekara da ta wuce a kansa.

Akwai wanda ake mantawa?

Mark Lanegan na Screaming Trees. Muryarsa ta fi ta kowa zurfi da kaushi, kuma Cobain da kansa ya yi masa amshi a kundinsa na farko na 1990. Ƙungiyarsa ce ba ta samu kasuwar sauran ba. Ya rasu a ƙasar Ailan a 2022. Mata ma ana tsallake su a wannan musu: Courtney Love ta ƙungiyar Hole, da Mia Zapata ta The Gits wadda aka kashe a Siyatil a 1993 kafin duniya ta san ta.

Kai wa ka zaɓa?

Cornell. Ma'aunina shi ne a kashe duk kayan kiɗa, a miƙa wa mutum waƙar da ba tasa ba, a ce ya rera. Cornell zai iya rera waƙoƙin sauran ukun su zauna, su kuwa babu mai iya ɗaukar nasa masu tsauri ya kai su gida. Idan dare ya yi ina ni kaɗai, Staley nake kunnawa, wannan kuma zancen zuciya ne. Amma tambayar da aka yi ta murya ce. Mai ja da ni ya nemo naɗin da Cornell ya yi a 2015 na waƙar mawaƙi Prince, "Nothing Compares 2 U", yana da shekara 51, jita a hannu, mai goge a gefensa, ya saurara da abin kunne har ƙarshe.