Intanet ta ce katinka ya kai yuro 80, to wa zai saya haka?

Ɗan yayata da ke unguwar Rumde Ajiya a Garwa yana tara katunan 'yan ƙwallo tun farkon 2022, lokacin da aka buga wasu wasannin kofin Afirka a garin. Ran nan ya shigo shagona yana haki, waya a hannu: "Kawu, duba, katin Mbappé ɗina yuro 80!" Wata manhaja ce ya ɗauki hoton katin da ita, ta ba shi wannan adadi. Tun da yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, yaron har ya gama lissafin dubu 52 a ransa. Tambayoyin da ya yi mini, da waɗanda abokansa suka biyo da su, su ne na tattara a nan.

Ina manhajoji da shafukan intanet suke samo farashin da suke nunawa?

Daga cinikin da aka riga aka yi a wasu wurare. Cardmarket, wani shafin cinikin katuna da ke Jamus, yana nuna matsakaicin abin da aka biya cikin kwana 7 ko kwana 30. TCGplayer na Amurka, wanda eBay, babban shafin gwanjo da ciniki, ya saya a 2022, shi ma daga cinikin baya-bayan nan yake ƙiyasi. Ƙananan manhajoji kuwa yawanci kwasowa suke daga irin waɗannan manyan shafuka. Babu mutumin da ya riƙe katinka ya juya shi. Na'ura ce ta ga hoto, ta nemo mai kama da shi.

To me ya sa ƙiyasin yake kaucewa haka?

Babban dalili shi ne hoto ɗaya ana buga shi iri-iri. Akwai gama-gari da ake bugawa ba adadi, akwai mai ƙyalli, akwai mai launi dabam a gefe, akwai kuma wanda aka buga kaɗan aka rubuta masa lamba, misali 12/25, wato na 12 cikin 25 kacal. Da muka zauna da yaron muka buɗe cinikin da manhajar ta dogara da shi, sai muka ga waccan ƙaramar lambar a jikin katin da aka sayar. Ya juya nasa gaba da baya, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, babu lamba. Nasa gama-gari ne, irinsa ko yuro ɗaya da ƙyar. Shirun da ya yi ya taɓa ni ƙwarai, don kuɗin makaranta ya riƙa tsakura yana sayen katunan.

Na biyu shi ne matsakaici. A ce an sayar da kati sau huɗu a yuro 2, sai wani ya sayi na biyar a yuro 92 don yana ɗauke da sa hannun ɗan wasan. Jimla 100, a raba biyar, 20. Shafi zai rubuta yuro 20, alhali babu wanda ya taɓa saye a haka. Katin da ba a cika cinikinsa ba ya fi shan wannan matsala: ciniki ɗaya na bara yana iya zama shi ne "farashi" har yau.

Sannan akwai bambanci tsakanin kuɗin da mai kaya ya yanka da wanda aka sallama. Duk wanda ya shiga kasuwar shanu ya san wannan. Mai sa yana iya cewa dubu 600, a taya, ya ce albarka, a ƙarshe ciniki ya faɗa a 450. Wasu shafukan kuɗin da aka yanka suke ɗauka.

Ana iya hura farashi da gangan?

Ana yi. Mai kaya yakan sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi a gwanjo don kuɗin ya hau, wani lokacin ma wanda ya ci gwanjon ba ya biya, amma adadin ya riga ya shiga lissafi. A watan Agusta na 2021 eBay ya dakatar da wani babban dillalin katuna na Amurka bisa wannan zargi, ko da yake dillalin ya musanta.

Mene ne PSA 10 da ake ta rubutawa?

PSA kamfani ne a Amurka da ke duba lafiyar kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a cikin roba mai tauri. Suna duba kusurwoyi, da gefe, da fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Yawancin manyan kuɗaɗen da ake ji, na katunan da aka tantance ne. Katin wasan Pokémon na Pikachu Illustrator da Logan Paul, wani tauraron YouTube, ya saya a 2021 kan dalar Amurka miliyan 5.275, PSA 10 ne. Katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na 1952 da ya kai dala miliyan 12.6 a 2022, wani kamfanin tantancewa, SGC, ya ba shi 9.5.

Yanzu a kwatanta da katin da ya kwana a aljihun wando, ya sha zafin Afrilu na Garwa har ya lanƙwashe, ƙurar hunturu ta goge masa ƙyalli, aka kuma ɗaure shi da roba tare da 'yan uwansa har ta ci gefensa. Manhaja ba ta ganin wannan. Kuma kasuwanninmu cike suke da jabun katunan Pokémon masu arha, waɗanda a hoto ba su da maraba da na gaske.

Idan ƙiyasin daidai ne fa, kuɗin zai shigo hannuna duka?

A'a. eBay kaɗai yana cire la'ada wajen kashi 13 cikin 100. Sai kuɗin aikawa daga Garwa ko Marwa ko Njamena zuwa Turai ta hanyar da za a iya bin sawun kaya, wanda sau da yawa ya fi kuɗin katin. Sai kuma wahalar karɓar kuɗin, don mai saye a Faransa ba da Orange Money zai biya ka ba. A kula kuma da kalmar dala: a bakinmu sefa 5 ce, a shafukan nan ta Amurka ce.

To yaya zan san abin da katina ya kai?

Ka fara da bayan katin: kamfani (Panini ne ko Topps), shekara, lamba, da harshen da aka buga shi. Ka nemi wannan ɗin sak a eBay, ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai. Ka jera ciniki biyar ko bakwai na kusa, ka ɗauki na tsakiya, ka bar wanda ya yi tsalle. Idan naka ba a tantance shi ba, kada ka kalli na cikin roba.

A musaya tsakaninmu ma sai mun bi farashin intanet?

Ni dai ban ga dalili ba. Katin Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ya kuma ci Brazil a Katar a 2022, ya fi daraja a Garwa fiye da Balin ta Jamus, kuma babu manhajar da ta san haka. Abin da nake ƙi shi ne babba ya haska wa yaro waya ya ce "ga shi intanet ta faɗa", ya karɓe masa katuna goma da guda ɗaya. Na ce wa ɗan yayata duk wanda ya nuna masa adadi, ya ce a buɗe masa cinikin da adadin ya fito daga ciki, su duba lambar katin tare kafin ya miƙa nasa.