Dandalin Tinubu na Ikko: sunan wa ke kansa, me ake gani a wurin?

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta CMS a tsibirin Ikko ya nufi kasuwar Balogun a ƙafa, da wuya bai ratsa ta gefen wannan dandali ba. Yawancinmu ba ma tsayawa, hankali na kan kaya da aljihu. Ga tambayoyin da baƙi daga Arewa suka fi yi a kansa.

Sunan Shugaba Bola Tinubu aka sa wa wurin?

A'a. Tun kafin a haife shi Yarbawan Ikko ke kiran wurin Ita Tinubu, wato filin Tinubu da Yarbanci. Sunan wata attajira ce, Madam Efunroye Tinubu, wadda ta yi tashe a ƙarni na 19. A 1960 an mayar da shi Dandalin 'Yancin Kai, amma bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba, har ya dawo.

Wace ce ita?

'Yar kasuwa ce mai faɗa a ji a fadar Ikko. Ta auri Oba Adele, sarkin Ikko, ta tsaya wa Oba Akitoye a rikicinsa da Kosoko kan sarautar garin, ta kuma ci gaba da juya al'amura zamanin Oba Dosunmu. Ƙarfinta ya tsone wa Turawan Ingila ido, sai jakadansu Benjamin Campbell ya matsa wa sarki har aka kore ta daga garin a 1856. Ta koma Abeokuta, inda ta taimaka wa Egbawa, mutanen garin, da bindigogi da albarushi a yaƙinsu da masarautar Dahomey, suka naɗa ta Iyalode, wato shugabar mata. Can ta rasu a 1887.

Sai dai ba a cika tarihinta ba a faɗi cinikin bayi ba, domin yana cikin abin da ya tara mata dukiya, tare da manja da taba. Shi ya sa har yau ake jayayya: wasu na ganin jarumar da ta ja da Bature, wasu kuma dillaliyar mutane. A ganina duka biyun ita ce.

To, me mutum zai gani idan ya je?

Kada ka sa ran wani makeken fili. Ƙaramin wuri ne da aka kewaye da shingen ƙarfe, motoci na zagaya shi. Akwai maɓulɓular ruwa, wadda asalinta kyauta ce daga 'yan Labanan mazauna Ikko don murnar samun 'yanci a 1960, a inda tsohon ginin kotun Turawa yake a da. Akwai mutum-mutumin Madam Tinubu, da na Kokoro, makahon makaɗin nan da ya yi suna a titunan tsibirin. Gwamnatin jiha ta gyara wurin a 2017.

Kewayensa fa?

Nan ma abin kallon ya fi yawa. Ga ginin Babban Bankin Nijeriya, ga tsohuwar majami'ar Methodist. 'Yan taku kaɗan kan titin Nnamdi Azikiwe sai Babban Masallacin Legas, wanda aka buɗe a 1988. A titin Martins kuma akwai masallacin Shitta-Bey na 1894, ginin salon Birazil. Wani gini mai irin wannan salo, Ilojo Bar, yana dab da dandalin, amma an rushe shi a 2016 duk da yana cikin kayan tarihi na ƙasa. Wannan hasara ce babba.

Yaushe ya fi kyau a je?

Ranar Lahadi da safe, lokacin da kasuwa ta lafa. A ranakun aiki, tsakanin motocin haya na ɗanfo da masu dako da 'yan uwanmu 'yan canji na Broad Street da ke tare ka da "Alhaji, dala ce?", ko wurin tsayawa ka ɗaga kai ba za ka samu ba. Idan ka bi Broad Street ɗin ka miƙe, za ka iske Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010.