Binciken lafiyar gini

Binciken lafiyar gini shi ne duba ginin da ya riga ya tsaya, bene ne ko gada ko madatsar ruwa, don injiniyoyi su gano ko har yanzu zai iya ɗaukar nauyin da ke kansa. Akan yi shi in gini ya tsufa, ko bayan gobara ko ambaliya, ko kuma in mai gida ya ce zai ƙara hawa a kan fandishon da tun farko ba don haka aka zuba shi ba, wanda wannan kam ya zama ruwan dare.

Da ido ake farawa. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, ta filasta daban take, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa kuma kullum tana ƙara buɗewa galibi alama ce ƙasa ta zauna a ƙarƙashin fandisho. Babban abin da ake farauta dai tsatsa ce, don in ruwa ya kai ga rodin da ke cikin kankare sai rodin ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, kafin a gani a waje ɓarnar ta yi nisa.

Sai kayan gwaji. Akwai gudumar Schmidt da wani injiniya ɗan Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙirƙiro a 1948, ana danna ta a jikin kankare ta buga ta dawo, ƙarfin dawowar ne ke nuna taurinsa, sai dai fatar waje kawai take aunawa shi ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai. Akwai na'urar da ke aika sauti ta cikin ginshiƙi don gano rami ko tsaga, da mai gano inda rodi yake. In ana son tabbaci sai a huda a ciro guntun kankare a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe.

A Amurka, faɗuwar gadar Silver a Disambar 1967, inda mutum 46 suka mutu saboda 'yar tsaga a ƙarfe ɗaya tak, ita ta jawo ƙa'idar duba gadoji ta 1971, yawanci duk shekara biyu. Amma rahoto ba ya gyara gini. Benen Champlain a Florida, tun 2018 injiniya ya rubuta cewa kankarensa ya lalace sosai, ba a kai ga gyaran ba ya rufta a Yunin 2021, mutum 98 suka mutu. Benen Rana Plaza na Bangaladash ma ana gobe zai faɗi a 2013 aka ga tsaga a jikinsa, washegari aka tilasta wa ma'aikatan ɗinki suka koma ciki, sama da 1,100 suka rasu.